Gazuwal ɗin gona: wa zai kai shi bakin fadama?

A ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai a Agadem, take kuma tace shi a Damagaram tun watan Nuwamba na 2011, abin kunya ne a ce tarakta ta kwana uku tsaye a tsakiyar gona don rashin gazuwal. Amma haka lamarin yake kowace shekara da zarar ruwan shuka ya sauka. Matatar SORAZ, wadda aka gina da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na ƙasar Sin, an tsara ta ne don tace ganga 20,000 a kowace rana, kuma gazuwal shi ne mafi yawan abin da take fitarwa. Man yana nan ke nan. Abin da babu shi ne wanda zai ɗauke shi daga gidan mai na bakin kwalta ya kai shi inda ake huɗa.

Gwamnati ce ke yanke farashi, kuma farashi ɗaya ne daga Yamai har Diffa. Ranar 1 ga Agusta 2022 lita ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, wato ƙarin jika 26 a kan duro guda mai lita 200. A watan Yuli na 2024 aka sauko da ita zuwa 618. Sai dai wannan farashi iyakarsa bakin famfo. Mai tarakta da ke aiki a kwarin Tarka, ko mai injin sussuka da ke bin ƙauyukan Dakoro, sai ya ɗauki hayar babur ko amalanke, ya ɗaura jarkoki, ya tura yaro gari. Kuɗin hanya nasa ne, yinin da aka ɓata nasa ne, idan kuma aka tarar famfo ya ƙafe, hasarar ma tasa ce. Huɗa kuwa ba ta jiran kowa. Kwanaki kaɗan ne bayan ruwa ƙasa ke da laima, wanda ya makara sai dai ya saurari wani ruwan, alhali masu gonakin da suka biya shi kuɗin kafin alƙalami suna tsaye a ƙofar gidansa.

Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa ne suka toshe wannan giɓi, kuma adalci ne a faɗi cewa sun yi wa karkara aikin da manyan kamfanoni suka raina. Su ne ke kai mai har bakin rijiya, su ne ke ba da bashi zuwa kaka. Amma cinikinsu ya dogara ne da arhar man fetur na Najeriya, wadda ta ƙare tun da shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023. Gazuwal kuwa tuni Najeriya ta sakar wa kasuwa farashinsa, shi ya sa a 2022, da ya yi tsada a duniya, man Damagaram ne ya riƙa tsallaka iyaka zuwa kudu, manyan motocin ƙasashen maƙwabta suna cika tankunansu a nan, har gidajen mai suka yi layi. Ban da wannan, man kwalba ba shi da shaida. Idan an gauraya shi da kananzir, ko ruwa ya shiga jarka, famfon inji ne ke biya, kuma duk wanda ya taɓa neman kayan gyaran tarakta a Maraɗi ya san cewa sau da yawa sai an aika Kano. Arha, in ji masu iya magana, ba ta ado.

A wasu ƙasashe an daɗe da ware wa noma mansa. A Faransa, tun 2011 injinan gona suna shan wani gazuwal da aka rina ja, harajinsa ƙasa da na motocin hanya, kuma ɗan kasuwar yankin ne ke kawo shi da ƙaramar motar tanki, ya zuba a ma'ajin manomi. Duk wanda aka kama da jan mai a motar haya, tara ta hau kansa. Manoman can sun ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai: a watan Janairu na 2024 sun tare hanyoyi da taraktoci, har gwamnati ta fasa ƙarin harajin da ta shirya yi a kansa. Ingila da Amurka ma suna da irin wannan tsari.

Akwai masu cewa a kwaikwayi wannan nan take. Ya kamata a yi hattara. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma duk kayan da aka rage wa kuɗi a gefe guda ya san hanyar ɗaya gefen ba tare da ɗan jagora ba. Jan mai mai rahusa, in babu ma'aikatan duwan da jandarmomin da za su riƙa leƙa tankunan motoci da gaskiya, zai ƙare ne a cikin manyan motocin waɗanda ke da hannu a ofis, manomi kuwa ya ji labari a rediyo. An ga yadda takin zamani mai tallafi ya sha ɓacewa tsakanin sito da gona. Rahusa tana iya jira. Abin da ba ya jira shi ne isar da man, ko da a farashin kowa da kowa.

Wannan kuwa ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata. SONIDEP, wadda aka kafa a 1977, tana da wuraren ajiya a manyan birane. ONAHA, tun 1978, tana aiki da ƙungiyoyin manoma a Jiratawa, Birnin Ƙonni, Galmi da bakin kogin Isa, ƙungiyoyin da suka saba tara kuɗin ruwa da na taki. Abin da ya rage shi ne hukuma ta fitar da takardar izini mai sauƙin samu ga ɗan kasuwar gari wanda ke da ƙaramar motar tanki da ma'auni mai hatimi, ya sayi mai a kan sari, ya kai wa ƙungiyoyi, a yanke masa ladan dako a fili gwargwadon nisa. Da yawa daga cikin ƴan ruwa-ruwan da kasuwarsu ta mutu sun san kowace hanyar ƙauye da kowane mai inji. Shigar da su cikin doka ya fi korarsu riba, ga baitulmali ma.

Su ma manoman akwai nasu aikin. Babu ɗan kasuwar da zai tada mota don jarka biyu, amma idan masu taraktoci, masu injin niƙa da masu casar shinkafa na gari guda suka haɗa buƙatarsu, duro goma ko ashirin ciniki ne da kowa zai so. A farashin 2024 duro guda ya kama sefa 123,600, kuɗin da ya isa a rubuta yarjejeniya a kansa: ranar kawowa, wanda zai auna, rasit, da wanda zai ɗauki nauyi idan man ya lalata inji. A yi wannan tun watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Ajiyar ma sai an kula: duro a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar man ya kwanta kafin a ɗiba, a tace shi, kada a kwashe har gindi inda ruwa da laka ke taruwa.

Hasken rana da iskar gas sun fara karɓar aikin ƙananan injinan ban ruwa a lambunan albasa, wannan kuwa abin maraba ne. Tarakta dai har yanzu gazuwal take sha. Manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda da yawansu su ne masu taraktocin da ake haya a karkara, su ne suka fi kowa sanin ƙofar ma'aikatar man fetur da ta ciniki. Majalisun manoma na jihohi suna da bakin da za su kai wannan buƙata a rubuce, kuma lokacin kai ta shi ne rani, tun ana gyaran garma.