Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Sabuwar Mota da Takardun Tsohuwa

Yau Birtaniya za mu leƙa, inda wata muhawara ta daɗe tana raba kan masu sha'awar motoci.

A can, mutum yakan sayi mota a warwatse cikin akwatuna, ya haɗa abarsa da hannunsa a garejin gidansa. Al'adar ta tsufa. A 1957 kamfanin Lotus ya fara sayar da motarsa Seven a haka, domin a lokacin wanda ya sayi sassa ya haɗa da kansa ba ya biyan harajin saye. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau ana haɗa ta a gida. Wannan duk doka ta yarda da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rajista.

Wasu idan sun gama haɗa sabuwar motar, sai su nemo takardun wata tsohuwa da ta ruɓe a bayan gida, su ɗauke lambarta da farantin lambar casis ɗinta, su manna wa tasu. Motar da aka gama ɗaure wa noti bara sai ta fito titi da takardar haihuwa ta 1968.

Me suke nema? Gata. A Birtaniya motar da ta shekara 40 tana iya shiga rukunin motocin tarihi, ba ta biyan harajin hanya. Tun 2018 an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. A Landan ma ba ta biyan fam 12.50 na kullum da ake karɓa daga motoci masu yawan hayaƙi. Sama da duka, mai ita ya kauce wa binciken IVA, wanda ake yi wa motar da aka haɗa a gida kafin ta hau titi, inda ake duba birki, sitiyari, fitilu, maɗaurin bel, hayaƙi, har da kaifin ƙarfen da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa.

Mu dai ra'ayinmu a fili yake: wannan ha'inci ne, ko da mai yinsa gwani ne kuma bai yi niyyar cutar kowa ba. Lambar rajista ta ƙarfe ce, ba ta takarda ba. Idan ƙarfen ya mutu, sunansa ya bi shi.

Hukumar rajistar motoci ta ƙasar, DVLA, da ke Swansea, ta shekara da shekaru kafin 2025 tana auna motar da aka yi wa babban sauyi da lissafin maki. Casis na asali da ba a taɓa shi ba maki 5 ne. Shokozoba da sifirin 2, sandunan tayoyi 2, giya 2, sitiyari 2, inji kuwa 1 kacal. A lokacin, sai mota ta tara maki 8, biyar daga ciki na casis, sannan ta riƙe tsohuwar lambarta. Wadda ta gaza sai ta je bincike, a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, alamar cewa shekarunta ko asalinta ba su tabbata ba. A 2025 hukumar ta sassauta wa masu gyaran tsofaffin motoci, amma sassaucin na wanda ke da mota a hannu ne yana gyarawa. Wanda ya sayi takarda da farantin lamba kawai ba ya ciki.

Kada mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci, suna da hujja. Sukan ce binciken IVA yana cin kuɗi da lokaci, lambar Q kuma tana karya darajar mota a kasuwa. Sukan ƙara da cewa tsohuwar motar da aka canza wa ƙofofi, inji da rabin jiki a shekara hamsin ita ma ai kusan sabuwa ce, to a ina za a ja layi? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai wahalar jan layi a tsakiya ba ta goge abin da ke bayyane a gefe. Wanda ya ɗora sabon jiki a kan casis ɗin tsohuwar Volkswagen Beetle, ya sanar da hukuma, akwai tsohuwar mota a ƙarƙashinsa. Wanda ya walda sabon casis na wani fasali dabam ya buga masa lambar wata, babu komai a ƙarƙashinsa sai ƙarya.

Kuma ƙaryar ba a garejinsa take tsayawa ba. Gatan da aka ba motocin tarihi an ba su ne bisa zaton cewa ba kullum suke fita ba. Idan aka ara wa motar gida wannan gata, birkin da wani ƙwararre bai taɓa dubawa ba zai bi titin da yara ke tsallakawa. Ranar da aka yi hatsari, kamfanin inshora zai iya cewa motar da ya ɗauki nauyinta dabam, wadda ta yi karo dabam. Sai kuma mai saye na gaba, wanda ya zuba kuɗinsa da zuciya ɗaya, hukuma ta gano, ta janye rajistar, a bar shi da ƙarfen da ba zai iya hawa ba. Duk wanda ya taɓa sayen mota ta hannu ya tsuguna yana gwada lambar casis da ta takarda ya san wannan fargabar.

Saboda haka kukan tsadar bincike a kai shi gaban hukuma, a nemi sauƙi. Wanda ya yi shekara uku yana haɗa mota da guminsa kuwa, abin alfahari ne ya kai ta a duba, ta fito da shekarunta na gaskiya, ko da lambar Q ce.

Ku fa, a ina za ku ja layi tsakanin gyara tsohuwa da ƙera sabuwa? Muna sauraronku.