Jakin da Ya Gama Aiki: Wa Zai Ba Shi Turke a Yashe?

A Ingila da Amurka, idan aka ce mutum yana aikin sa-kai a gidan kula da dabbobi, ana nufin yana zuwa ranar hutunsa ya wanke karnuka da kyanwoyin da aka yasar. A ƙasar Katsina kuwa, kalmar 'yan sa-kai ta daɗe da komawa kan masu rataye bindiga, batun gidan karnuka kuma sai ya zama abin dariya. Dariyar tana da hujja, amma tana rufe wata tambaya ta gaske.

Yashe mararraba ce, inda hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi take haɗuwa da titin Kano zuwa Katsina. Dabba ba baƙuwa ba ce a nan, kuma mutanen yankin Kusada da Kankiya ba su rasa tsarin kula da ita ba. Akuyar da ta ɓata akan kai ta gidan mai unguwa ko dagaci, a ɗaure ta, a ba ta harawa, a yi cigiya. Wannan shi ne gidan kula da dabbobi na Bahaushe. Sai dai tsarin yana aiki ne ga dabbar da mai ita yake nema. Rago yana da farashi, sa yana da farashi. Jakin da ya shekara goma yana kai taki gona a mangala, akumari ya ci bayansa har ya zama gyambo, babu mai cigiyarsa.

A da, akan sake shi ya ƙarasa kwanakinsa a bayan gari. Yanzu ko wannan ya gagara, domin fatarsa ta yi daraja. Ana dafa fatar jaki a ƙasar Sin a yi wani magani mai suna ejiao, kuma buƙatarsa ta kai har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Doka ta hana yanka, amma ba ta faɗi wanda zai ciyar da tsohon jaki ba.

Masu cewa mutane na cikin yunwa da fargabar 'yan bindiga, ina ake ta jaki, ba su yi ƙarya ba. Amma su duba gidan da jaki yake: gidan da ba shi da babur ne, ba shi da shanun huɗa. Idan ya gurgunce, ruwa da itace da kara sun koma kan mata da yara. Jinyar jakin talaka jinyar talakan ce.

Aikin ba sabo ba ne a ƙasashen Musulmi. A Alƙahira, Dorothy Brooke ta tarar da tsofaffin dawakin sojan Birtaniya da aka sayar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna jan kaya a wahale, ta buɗe musu asibiti a 1934. Tun kafin ita da ƙarnoni, masu hali a Dimashƙa sun yi wakafin makiyaya don dawakin da suka tsufa.

Yashe ba ta buƙatar gini mai allo a ƙofa. Abin da ya dace da ita ƙarami ne: rumfa, kwamin ruwa a bazara, da rana ɗaya a wata wadda likitan dabbobi ɗan yankin, mazaunin Katsina ko Kano, zai bayar kyauta, ya wanke miki, ya yanke kofato, ya ba da maganin tsutsar ciki. Malamin makaranta zai iya riƙe rajista, mai ɗinkin akumari ya gyara shimfiɗa, manomi ya ba da damin kara bayan kaka. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin rijiya a WhatsApp sun riga sun san farashin siminti, kwamin dabbobi a gefen rijiyar kuwa 'yan buhuna kaɗan zai ci.