Kunne ba ya gudu

Duk sanda aka nuna tseren mita 100 a talabijin, tambayar masu sharhi ɗaya ce: wa ya riga tashi? Haka ma a filayen makarantunmu ranar gasar gidaje. Malamin wasanni ya ɗaura usur a wuya yana ta daka wa yara tsawa: "Ku kasa kunne! Da kun ji, ku tashi!" An mai da tsere gasar ji. Ni dai na gaji da wannan karatu, domin ba a nan gizo ke saƙar ba.

A dubi zagayen ƙarshe na Olamfik a Paris, 2024. Sai da Noah Lyles na Amurka ya ci 0.178 na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga kafin ya motsa, kuma cikin su takwas babu wanda ya fi shi nawa. Har mita 40 yana can baya. Shi ya ɗauki zinare da daƙiƙa 9.79. Usain Bolt ma bai taɓa yin suna da saurin tashi ba. Ranar da ya yi 9.58 a Balin a 2009, da 0.146 ya motsa, abin da ba zai ba kowa mamaki ba.

Wani zai ce ai da 0.005 kacal Lyles ya sha gaban Kishane Thompson na Jamaika, ashe kowane ɗigo na da rana. Gaskiya ne. Amma tsakanin mai kaifin ji da mai nawa a cikin ƙwararru, tazarar ba ta cika wuce 0.05 ba, kuma horo ba ya rage ta da wani abin kirki. Abin da ake ɓarnatarwa a taku goma na farko ya ninka haka.

Wanda ya taɓa tura motar da ta mutu a hanya ya riga ya san sirrin, ko bai taɓa shiga aji ba. Ba ka tsayawa ƙiƙam kana ƙananan taku. Kifawa kake yi, ka kafa ƙafa a bayanka, ka danna ƙasa har gwiwa ta miƙe, sannan ka kawo ɗayar. Sai motar ta fara gangarawa kake ɗagowa a hankali, taku na ƙara sauri da kansa. Jikin ɗan tsere shi ne motar. Bayan an harba bindiga yakan ƙara kusan sulusin daƙiƙa a kan madogarin ƙafa yana turawa. Ƙafar baya ce ke fara barin wurin, ta gaba ta daɗe tana aiki, kuma ita ce ke ba da mafi yawan ƙarfin. A takun farko ƙafa kan zauna a ƙasa kusan 0.2 na daƙiƙa, wato ninki biyu na zamanta idan gudu ya kai maƙura. Wannan zaman ba asara ba ne. A cikinsa ake samun gudun.

To, yaron da aka cika wa kunne da "sauri, sauri" me yake yi? Yana zabura kafin ya gama turawa, ya miƙe tsaye tun a taku na biyu, ƙafafu na ta sassarfa kamar mai taka garwashi. Ga ido, ya fi kowa zafi. A mita 30 sai ka ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Sai kuma a ce masa "yi ƙasa da kai", ya lanƙwasa wuya yana kallon yatsunsa alhali ƙugu na tsaye. Kifawar da ake gani ga ƙwararru ba sunkuyo ba ce. Ƙarfin turawa ne ke riƙe da ita. Wanda ya kifa haka ba tare da ƙarfin ba, da haɓa zai sauka.

Su Bingtian na Sin ya gane inda matsalar take. A 2014 ya sauya ƙafar da yake sa wa gaba don takunsa su daidaita, abin da ya yi kama da koyon rubutu da hagu. A 2015 ya yi 9.99, a gasar Olamfik ta Tokyo kuma, yana da shekara 31, ya yi 9.83.

Ga kuma caca. Tun 2010, riga bindiga sau ɗaya ya isa a kore ka, kuma duk wanda ya motsa ƙasa da 0.100 ana ɗaukarsa ya riga ta. Haka Bolt ya fita a Daegu a 2011. Devon Allen kuwa, a Eugene a 2022, da 0.099 aka sallame shi daga tseren tsallake shinge. Wannan ita ce kasadar da ake koya wa yara su yi saboda ribar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Da ni ne malamin wasanni, da na jefa usur a aljihu na wata guda. In samo tsohuwar tayar mota da igiya, in ɗaura wa yaro a ƙugu, in ja layi a mita 15, in tsaya daga gefe ina kallon ko gwiwar baya na miƙewa kafin ƙafa ta bar ƙasa.