Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara, Ko a Cikin Kwamfuta

Malamai masu koya wa yaranmu rubuta manhaja a Agadas, akwai wata ɗabi'a da ya kamata ku yaƙa tun daga aji. Yaro ya ci karo da ƴar matsala, sai ya ruga intanet ya sauko da kunshin da wani baƙo ya rubuta, ya liƙa a aikinsa, bai karanta ko layi ɗaya ba. Sai a tafa masa, a ce ya iya.

A watan Maris na 2016, Azer Koçulu ya janye kunshinsa mai suna left-pad daga rumbun npm. Layi 11 ne kacal, amma dubban manhajoji, har da Babel da React, suka kasa haɗuwa. A Nijar mun san wannan ciwon: a Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar lantarki, Yamai ta shiga duhu.

Ku ɗauki misali ɗaya, dabarar jinkirta shiri har sai an buƙata. Mai shayi ba ya hura gawayi sai baƙo ya zauna, in ya hura kuwa, da wutar nan zai dafa na farko da na biyu da na uku. Haka manhaja: ba ta buɗe babban fayil sai an nema, ta buɗe sau ɗaya, ta ajiye. Shekaru masu rubutu da harshen Rust suna aron lazy_static da once_cell don wannan aiki. A Yulin 2024 Rust 1.80 ya fito da LazyLock a cikin gida, mutane suka shiga cire na aron. Python kuwa tana da cached_property tun 2019. To me ya sa har yau ake nuna wa ɗalibi hanyar aro?

Za a ce aro yana rage wahala. Gaskiya ne, ba wanda ya ce yaro ya ƙera komai da hannunsa. Amma abin da ke rumbun gidanku ba a zuwa roƙonsa maƙwabta, balle a garin da intanet ke yankewa, kuɗin data kuma daga aljihun iyaye yake fita.

Malamai, kafin ɗalibi ya sauko da kunshi, ya fara nuna muku cewa harshen ba shi da irinsa. Iyaye, in yaro ya nuna muku manhajarsa, ku ce ya kashe intanet ya sake haɗa ta a gabanku.