Waiwaye: Notin Tsakiya Ba Na Gaggawa Ba Ne

A zamanin da Peugeot 504 ta cika hanyoyin Arewa, bayan kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya fara aiki a 1975, da wuya ka shiga gareji ba ka tarar an ɗage wata ana duba mata ƙafar gaba ba. Ramukan hanya ba sa barin shakazoba ta yi ƙarko. Ita wannan ƙafa, da aka zura shakazoba cikin naɗaɗɗen sifirin suka zama abu guda, ƙirar wani injiniyan Amurka ce mai suna Earle MacPherson. Tun 1950 motar Ford Consul ta Ingila ta fito da ita, kuma har gobe ita ce a gaban Corolla.

Ciro ta ba shi da wahala. A ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfe don kada a dogara da jak kaɗai, a cire taya, a saki tiyon birki daga maƙalarsa, a kwance manyan kusoshi biyu na ƙasa da ƙananan notuka uku na ƙarƙashin bonet. Ƙafa ta fito.

Haɗarin yana ga notin tsakiya, wanda ya danne sifirin. A nan tsofaffin makanikai suka fi burge ni. Sai ka ga oga ya kori yaran gareji gefe, ya kwantar da ƙafar a ƙasa, bakinta bai kalli kowa ba. Ya ɗauko mamatsa biyu ya ɗaura su a jikin sifirin daura da juna, ya ɗan ɗaure wannan, ya koma wancan, a hankali, har sai sifirin ya saki mazauninsa yana motsi in an taɓa. Sannan ne sifana za ta hau notin. Sun san ƙarfen nan yana riƙe da matsin ɗaruruwan kilo, in ya kuɓuce kuwa tamkar harbin bindiga ne, ya fasa haƙarƙari ko ya tafi da ido.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu a yau suke ɗaure sifirin da igiya ko waya, ko su sa yaro ya taka shi da ƙafa, wai don aiki ya yi sauri. Galibi ɗan koyon sana'a ne, wanda iyayensa suka damƙa amana, ake sawa a gaban wannan bala'i. Kuɗin mamatsa bai kai na jinyar karaya ba.

Mai mota, kai ma da naka haƙƙin. Kafin a taɓa ƙafar motarka, tambayi makanike ya nuna maka mamatsarsa. Ka sa a canza shakazoba ta hagu da ta dama tare, a yi saitin ƙafa bayan an ɗaura. In ya ce da igiya zai yi, ɗauki makullinka ka nemi wani gareji.