Kilomita 300 a watan hunturu: wai wa kuke wa gudun?

1/ Matasan Zazzau masu gudu, ku matso, yau da ku nake. Tun shigowar Disamba waya ta cika da hotunan taswirar gudu: "Rana ta 9, na ci kilomita 92, saura 208." Masu tafi suna ta tafi. Ni kam ba zan tafa ba. Tara kilomita a tsakiyar hazo cutar kai ce aka sa wa suna jajircewa. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kafin wani ya zabura: ina son gudu. Ganin samari suna sassarfa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ya fi min ganinsu a majalisa suna latsa waya har azahar. Hawan jini da ciwon suga suna cin iyayenmu, motsa jiki kuwa rigakafi ne. Rigimata da bautar lamba ce kawai.

3/ Mu yi lissafi. Kilomita 300 a kwana 31 na nufin kusan kilomita 10 kullum, babu hutun rana ɗaya. Kusan kamar ka tafi Kano da ƙafa ka dawo ne. Kuma wanda ya ɗora wa kansa wannan, a watan Nuwamba sau biyu yake fita a mako. Jikin da ya saba da 15 a mako ka ce masa 70? Haba malam.

4/ Daga ina abin ya zo? Daga manhajoji irin su Strava, inda ake sa ƙalubalen wata-wata, da bidiyon Turawa suna gudu cikin dusar ƙanƙara. Su matsalarsu sanyi da duhu, riga mai kauri da fitila sun magance musu. Namu hunturun ƙura ne. Babu rigar da za ka sa wa huhu.

5/ Ƙurar nan ba daga bayan gari ta taso ba. Yawancinta daga Sahara take, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta tun daga Nuwamba har wajen Maris. Idan ta yi kauri, jirage kan fasa sauka a Kano da Kaduna. Matuƙin jirgi ya haƙura, kai ka ɗaura kambas.

6/ Wadda kake gani a kan gilashin mota ita ce mai sauƙi, hanci na tace ta. Mai haɗarin ita ce 'yar mitsitsiya da ake kira PM2.5, wadda ta fi silin gashi siranta sau da yawa, tana shiga har can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mizaninta na yini guda a mikrogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska. Ranar hazo mai kauri ana ninka wannan mizani.

7/ Ga inda gizo ke saƙar. Kana zaune, iskar da kake shaƙa a minti ɗaya ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba. Kana gudu da ƙarfi, tana iya ninkuwa sau goma ko fiye. Kuma baki kake buɗewa, ka tsallake tacewar hanci. Awa ɗaya na gudu cikin hazo, ka kwashi abin da mai zaman shago zai yi awanni bai shaƙa ba.

8/ Sai kuma lokacin da kuka zaɓa: bayan sallar asuba. A cikin birni lokacin ne ake hura wuta ana jin ɗumi, ga hayaƙin itacen masu ƙosai da masu shayi, ga bolar da aka cinna wa wuta tun dare. Iskar sanyi tana da nauyi, tana danne hayaƙin a ƙasa cikin lunguna sai rana ta ɗaga. Daidai tsayin hancinka.

9/ Shi ya sa busasshen tarin da ke bin ka bayan gudu, da ƙirjin da ke ƙara kamar usur, da maƙogwaron da ke kartar ka har yamma, ba alamar "jiki ya karɓa" ba ne. Busasshiyar iska mai sanyi tana matse hanyoyin numfashi. Mai asma ko yawan mura, wallahi wannan gasar ba taka ba ce.

10/ Mu sauko ƙafa. Zuciya da numfashi suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni. Ƙashi da agara sai an yi watanni. A nan ake yaudaruwa: mako na uku ka ji ba ka haki, ka ce ka ƙware, alhali ƙwaurinka yana tsagewa a hankali. Tsagewar ƙashi irin ta yawan gudu kan ajiye mutum mako shida zuwa takwas, wani ma fiye.

11/ Ƙara da kwalta mai tauri, da kambas ɗin gwanjo da wani ya riga ya cinye masa ƙasa kafin ya iso kasuwar Sabon Gari, da faso a diddige. Ga shi gumi na bushewa nan take saboda bushewar iska, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba, ka ƙi shan ruwa.

12/ Na san me za ku ce: "Ai Kipchoge yana cin wajen kilomita 200 a mako." Gaskiya ne. Amma ku ƙarasa labarin. Ya ci zinaren duniya na mita 5,000 a Paris a 2003 yana ɗan shekara 18. Bai shiga gudun fanfalaki na kilomita 42 ba sai 2013 a Hamburg. Shekara goma yana gina jiki. Kai kana so ka gina naka a kwana 31.

13/ Kuma a Kaptagat yake atisaye, kan tsaunukan Kenya, gefen daji, a kan hanyar jar ƙasa mai laushi. Yana da koci, da mai tausa, da barcin rana. Yawancin gudunsa a hankali ne. Kai kuwa daga gudu sai lakca a Kongo ko Samaru, ko shago har magariba, da kunu kofi ɗaya a ciki.

14/ Wasu kuma za su ce "ai kuratan Depot suna gudu cikin hazon nan." To, su an duba lafiyarsu kafin a ɗauke su, akwai masu horar da su, akwai asibitin bariki idan wani ya faɗi. Kai idan ka faɗi a bayan ganuwa da duku-duku, waye zai ɗauke ka? Manhajar?

15/ Babban laifin lambar shi ne tana hana ka jin jikinka. Ka tashi da zazzaɓi, ka ce kar lissafi ya karye. Gwiwa na ciwo, ka sha maganin kashe zafi ka fita. Duk don mutanen da za su danna maka alamar wuta su wuce. Ranar da kake ɗingishi a layin asibiti babu ɗayansu.

16/ To me za a yi? Na farko, duba sama kafin ka duba waya. Idan daga inda ka saba hango dutsen Kufena yau ba ka ganinsa, ranar ba ta dogon gudu ba ce. Zauna gida ka yi tsallen igiya da atisayen ƙarfafa ƙafa. Hukumar NiMet na fitar da gargaɗin hazo, ku riƙa dubawa. Takunkumin yadi ba ya tare ƙaramar ƙura.

17/ Na biyu, fita sau uku ko huɗu a mako, ka bar ranakun hutu. Ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, masu horarwa kan ce kar ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Yawancin gudun ya zama wanda za ka iya hira da abokinka a ciki. Bari rana ta ɗan ɗaga, ka nemi fili ko hanyar ƙasa nesa da hayaƙi. Sha ruwa ko ba ka jin ƙishi.

18/ Na uku, in kana da burin gasar Legas da aka fara a 2016, wadda kan zo a Fabrairu, ka sani ba a fafe gora ranar tafiya. Shirinta tun damina ake farawa, lokacin da ruwa ya wanke iska. Hunturu na riƙe abin da ka gina ne.

19/ Ciwon ƙirji, jiri, numfashi na sarƙewa, ko ciwo a wuri guda kan ƙashi da ba ya tafiya: tsaya, ka ga likita. Babu jarumta a nan.

20/ Masu shirya gasar a guruf-guruf, ku ji tsoron Allah da ƙannenku. Ku canja ƙa'idar: wa zai kai watan Afrilu yana gudu lafiya lau, bai yi jinya ba? Shi za mu tafa wa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda bai yarda ba ya zo da hujja a ƙasa, ina nan. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.