Sanyi ke kashe bakwaini, mu daina fakewa da "kwana ya ƙare"

Hunturu ya shigo. Daga Tawa har Damagaram, ƙato mai gemu ma sai ya jawo bargo da asuba. To ku tuna da jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, wanda ana yanke mishi cibi aka tsoma shi a ruwa, wai kar ya girma da warin jiki. Kwana uku ya bar kama nono, na huɗu a ce Allah ya karɓi abinsa. Mu yi gaisuwa mu watse, babu mai tambaya.

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe mishi ɗumi, fatarsa ba ta yi ƙwari ba, kansa kuma babba ne, ta nan zafi ke fita. Jikin jariri na son ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da ya sauka ƙasa, sai ya ƙone ɗan sukarin jininsa wajen neman ɗumi, ƙarfin tsotso ya tafi, numfashi ya rikice. Wannan wankan na gaggawa da kakanninmu ke yi da kyakkyawar niyya, shi ke buɗe ƙofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wanka har awa 24. A goge shi ya bushe, a sa mishi hula, a ba shi dakashin uwarsa.

Su kuma masu iko, mun gaji da hotunan bikin miƙa kwalbar jarirai. Kwalba kuran take ci. Mun ga yadda ta kaya a 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta. Matar ƙauyen Dakoro da ta haihu ƙarfe 2 na dare, wace kwalba za ta jira?

Alhali dabarar tana nan, ba ta cin ko dala. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, ƙarancin kwalba ya sa likitoci suka fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane. Shi ake kira goyon kangaru. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. Mu da goyo ya zama gadonmu, maido shi daga baya zuwa ƙirji ne zai gagare mu?

Kai ma maigida, kar ka zauna waje kana lissafin ragon suna. In mai jego ta gaji, cire riga ka karɓe shi. Ba abin kunya ba ne, ɗanka ne.

Abin da muke nema a fili yake. Kowane CSI ya samu ma'aunin zafi da sikeli mai aiki. A koya wa unguwar zoma ta bar wankan farko. A bar uwa da ɗanta a gado guda, dare da rana.

In an haihu a gidanku, taɓa tafin ƙafar jaririn. In ka ji sanyi, a manna shi a ƙirji, a rufe su tare. In ya ƙi kama nono, a tafi likita a haka, kar a jira gari ya waye. Mai jin maganarka a gida, Inna ce ko Gwaggo, karanta mata wannan yau.